Ɓarakar da na buɗe a cikin rijiya

Tun da na fara jagorantar wasan Dungeons & Dragons ni da abokaina huɗu, ba abin da ya kama zuciyata kamar ɓarakar da na buɗe tsakanin duniyoyi biyu a labarin da muke kai yanzu. Ga wanda bai san wasan ba, a tebur ake zama, kowa ya ɗauki jarumi ɗaya ya zama shi, ni kuma mai ba da labari sauran duniyar duk tana hannuna, in an zo wurin da ba a san ko abu zai yiwu ba sai a jefa dayis mai fuska 20. Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fito da shi a Amurka a 1974.

Ni fa a wurina ƙofa daban, ɓaraka daban. A Planescape, wata duniya da aka tsara wa wasan nan aka fitar a 1994, akwai birnin Sigil da ake wa laƙabi da birnin ƙofofi, kowace ƙofa da mabuɗinta, wata abu za ka riƙe a hannu, wata kalma za ka furta, an san da su ana shiga ana fita har fatauci ake yi ta nan. Ɓaraka kuwa ba wanda ya gina ta, yagewa duniya ta yi kamar tsohon zane. Wasan Rifts na Kevin Siembieda na 1990 a kan wannan aka ɗora shi kacokan, layukan ƙarfin sihiri sun ratsa ƙasa, inda suka haɗu sai sarari ya tsage abubuwa su yi ta kwararowa. Wasan bidiyo na Dragon Age: Inquisition na 2014 ma haka, koren rami a sama aljanu na zubowa. Ina son su gaskiya, amma abin da ke damuna, a tebura da yawa ɓarakar sai ta koma famfon dodanni kawai, su fito a kashe su, a toshe, a wuce.

Tawa a ƙasan wata busasshiyar rijiya na sa ta, a wani ƙauye cikin labarin. Zama biyu muka yi ban fito da dodo ko ɗaya ba. Abin da na gaya musu kawai, duk fitilar da aka kunna a ƙauyen harshen wutarta rijiyar yake karkata ko da babu iska, kuma in an zura guga sai ta dawo da ruwa mai sanyi ƙalau da ganyen wata bishiya da ba wanda ya taɓa gani. Wallahi shirun da tebur ya yi ya fi min kowane faɗa.

Sannan na kafa doka biyu. Dare ɗaya a can shekara ɗaya ce a nan, kuma duk wanda ya tsallaka sai ya jefa dayis, in ya samu ƙasa da 10 zai bar wani abu da yake tunawa a can, kuma shi ɗan wasan ne da kansa zai zaɓi wanne. Wannan zaɓin shi ne ƙashin bayan komai, don in ni na ƙwace ba zai musu zafi ba.

Ɗaya daga cikinsu, wadda jarumarta maharbiya ce, ta jefa ya ba ta 4. Ta daɗe tana kallon takardarta tana juya fensir, can ta ce muryar mahaifiyarta za ta bari. Ta sa fensir ta soke layin da hannunta. Da suka dawo bayan kwana 6 a can, ƙanwar da ta bari tana rarrafe har ta isa aike, uwar ta fito da gudu tana kiran sunanta ita kuma ta waiga tana neman wa ke magana. Ba wanda ya taɓa dayis a lokacin, mun kai minti biyar ba mai cewa uffan.

Kuma can ɗin ba dodanni ne zalla ba, mutane ne da ranarsu ke dusashewa, amfanin gonarsu na mutuwa, su a wurinsu rijiyar nan ita ce kaɗai mafita, suna hawowa ɗaya bayan ɗaya da yara a goye. Amma duk wanda ya hawo ɓarakar sai ta ƙara faɗi, sanyin can na shigowa, gonakin ƙauyen sun fara bushewa su ma. Boka ɗin tawagar ya gano yadda za a ɗinke ta, sai dai ɗinkin daga ciki ake yin sa, wanda ya yi kuma ba zai dawo ba.

Zaman da ya wuce awa uku muka yi suna gardama, biyu na cewa a rufe, ɗaya ya rantse ba zai bar yaran can ba, maharbiyar kuma ta ce ita za ta sauka ta yi ɗinkin tunda muryar uwarta na can. Ban shirya wannan ba ko kaɗan, daga bakinta na fara ji. Sati mai zuwa za mu zauna, kuma na riga na yanke a raina in ta sauka, kafin ta ja zare na ƙarshe zan bari ta ji muryar sau ɗaya.