Ɓeraye, agogo da Oga

Jiya na mayar da makullin lab, ɗakin gwajin da na yi binciken damuwa a kan ɓeraye, na ce bari in rubuta wannan tun abin bai huce min ba.

Duk wanda ya yi aikin damuwa a kan ɓeraye ya san tsarin, sati shida kana takura musu, yau ka karkata keji, gobe ka jiƙa musu shimfiɗa, jibi a bar fitila kunne har safe, sannan ka duba ko sun rage shan ruwan sikari, ka ɗebi jini ka auna kotikosteron, wato sinadarin damuwa na ɓera, kwatankwacin kotisol a jikinmu. Duk na yi. Inda na kwafsa lokacin ɗibar jini ne. Waɗanda aka takura wa na ɗebi nasu wajen ƙarfe 9 na safe, waɗanda ba a taɓa ba kuma sai dab da magariba, don ranar ni kaɗai ne kuma sai da na je na tsare wa Oga, malamin da ke duba aikina, jarrabawa. To shi ɓera da dare yake harkarsa, sinadarin nan da safe yana ƙasa, gab da duhu yake hawa, ba kamar mu da namu ke tashi bayan an farka ba. Sakamako ya fito a juye, ɓerayen da ke zaune lafiya su suka fi damuwa a takarda. Kit ɗin ELISA, kayan auna sinadarin a jini, sukutum, da kuɗin aljihuna, ya tafi a banza.

Laifina ne, ban musa ba. Amma fa na tambayi Oga, ya ce "kai dai ɗebi jinin, lokaci ba wani abu ba ne". Ranar semina kuwa a gaban kowa ya kalle ni wai wa ya koya min wannan shirmen. Na haɗiye, wanda zai sa maka hannu ba ka ja da shi. Daga baya ya kira ni ofis wai in cire 'yan lambobin da suka fita layi a wuce wurin. Nan kam na ce Farfesa a yi haƙuri. Na sake aikin daga farko, wata bakwai.

Ku ɗalibai da ke tafe, jini ya fita cikin minti 3 da taɓa keji, in ba haka ba tsoron hannunka kake aunawa. Mutum ɗaya ya riƙa kama su, tun 2014 aka nuna a Kanada cewa warin ɗan Adam namiji kaɗai na ɗaga musu hankali. Umarnin baki kuma a nemi a turo shi ta WhatsApp.

Takardar binciken ta fito watan jiya, sunansa ne a farko, nawa na uku. Littafin lab dai na yi fotokwafinsa kaf kafin in miƙa.