Zama a Ƙarshen Ayarin Masu Keke

A doguwar tafiyar da ƙungiyarmu ta mahaya keke ta yi, ni aka ɗora wa nauyin zama a ƙarshen ayari domin lura da motocin da ke tahowa daga baya. Na yi amfani da na'urar Garmin Varia, wadda ake maƙalawa a ƙarƙashin sirdi, take kuma gano mota tun tana da nisan mita 140. Babban amfaninta a wurina shi ne lokaci, domin kafin ƙarar injin ta iso kunnena, musamman idan iska tana kaɗawa, na riga na ɗaga murya, na gaba kuma sun koma layi ɗaya a gefen hanya.

Sai dai ba ta ganin rami ko yashi a gabanmu. Wannan aikin jagora ne da alamar hannunsa. Abin da ya fi damuna shi ne masu sassauta maɗaurin hular kwano saboda zafi, alhali hular da ba a ɗaure da kyau ba tana iya ficewa daga kai yayin faɗuwa. Na roƙi shugabanninmu su riƙa duba wannan kafin a tashi.