Yadda Na Samu Sabon Tsiro Daga Yankan Karan Nepenthes

Nepenthes tsiro ne mai cin ƙwari, wanda ƙarshen ganyensa yake kumbura ya zama kamar ɗan tulu, kuma yawancin nau'o'insa daga kudu maso gabashin Asiya suke, musamman tsibiran Borneo da Sumatra. Da nawa ya yi tsawo har ya fara rarrafe a tagar ɗakina a Samaru, sai na yi shawarar yanka shi in dasa.

Karon farko na yi kuskuren yin aikin a tsakiyar hunturu, iskar Zariya kuwa ta busar da yankan cikin mako guda. Da damina ta kankama sai na sake gwadawa. Na sa sabuwar reza na yanki karan da ke da gaɓa 3, na rage rabin kowane ganye domin kada ruwan jikinsa ya ƙare kafin saiwa ta fito, sannan na soke gaɓar ƙasa cikin zaren ɓawon kwakwa da na wanke sau da yawa. Ƙasar lambu da taki suna ƙone saiwarsa, ruwan burtsatse ma yakan ɗauko gishirin ƙasa, shi ya sa na dogara da ruwan sama da na tara a bokiti.

Na rufe tukunyar da farar leda, na ajiye ta inda haske yake amma rana ba ta dukan ta kai tsaye. Mahaifiyata ta sha tambayata ko miya za a yi da shi. Bayan kusan wata 2, wani ɗan toho kore kamar ƙwayar gero ya ɓullo a saman gaɓar, amma ban tono shi ba, domin saiwarsa baƙa ce siririya mai saurin karyewa.