Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Kwamin da Ya Ci Bushiya

A makon jiya mun tsaya a ranar da ruwa ya fara fitowa daga rijiyar burtsatsen da na haƙa a gonar mahaifinmu, can arewa da Gumel ta wajen Maigatari, inda in ka ƙara gaba kaɗan wayarka za ta kama layin Nijar. Wurin ba wutar lantarki, ba maƙwabci. Bukka ɗaya ce, da ɗakin langa-langa, da faifan sola huɗu, da tanki bisa ƙarfe. Sai kuma Baffa, ƙanin mahaifina, wanda ya rantse ba zai koma gari ba ko bene za a gina masa.

Don dashe na haƙa rijiyar. Rairayi ya fara cin gonar ta gabas, na kawo dakwara da darbejiya na jera. Namun daji ko a raina ba su zo ba. Amma tankin yana da wata 'yar ɗiga da ta gagari gyara, ƙasan wurin kullum a jiƙe, faɗinsa bai fi faifai ba. Wata safiya cikin Maris ɗin 2021 na tarar da Baffa tsugune a gun, ya yafito ni.

"Zo ka ga baƙinka, ɗan nan."

Da tsinke ya riƙa nuna mini. Wannan sawun zomo ne, wannan na kurege, wannan mai kama da na ɗan kwikwiyo yanyawa ce. Ga zanen jelar damo kamar an ja igiya. Na fakara kuwa ya cika wurin. Duk wannan taro a kan laimar da ba ta isa alwala ba! Wanda bai yi bazara a arewacin Jigawa ba zai ga kamar zuƙi nake. Ruwan sama yakan ɗauke tun ƙarshen Satumba, tafkuna su ƙafe kafin hunturu ya fita, a Afrilu zafi ya haura digiri 40. In ka cire gawo, da ke ganye lokacin da kowa ya kaɗe, da su aduwa, dajin toka-toka ne.

Baffa ya ce yana yaro barewa har bakin gona take zuwa, tun farin 1973 ta fara janyewa, na 1984 ya ƙarasa korarta. Ya karanto mini hadisin mutumin da ya shayar da kare da huffinsa aka gafarta masa, sannan ya ce, "Ruwan nan ba kai ka halitta shi ba. Ware musu nasu."

Ranar Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, na sayo siminti buhu biyu da tiyo, aka ɗoro a amalanke. Na kira wani magini na ce ya yi mini kwami irin na shanu. Ya yi shi kuwa da kyau, zurfinsa ya kai gwiwa, cikinsa sumul kamar tangaran. Na cika shi, na kwana ina jin kaina wani babban mai sadaka.

Kwana na uku na je da asuba, sai ga bushiya biyu suna yawo a saman ruwa, sun kumbura. Ga kurciya ɗaya. Ga ƙudan zuma ba iyaka, sun rufe ruwan kamar an watsa dusa. Na sa hannu na tsamo bushiya guda, ƙayarta ta yi laushi, faratanta duk sun goge wajen kartar simintin da na biya kuɗi aka shafe shi sumul. Har yau in na tuna faratan nan sai na ji abu ya tsaya mini a wuya.

Baffa bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Sa kake shayarwa ko bushiya? Ka taɓa ganin tafki mai bango?"

Ranar muka fasa gefe ɗaya da guduma. Muka mayar da shi gangare, muka kakkarta simintin da ƙusa tun yana ɗanye don ƙafa ta samu makama. Ruwan muka rage shi, a baki bai wuce gaɓar yatsa ba. Muka zuba tsakuwa da marmara, kawunansu a waje, don zuma ta sauka ta sha ba tare da fukafukinta ya jiƙe ba, muka jingina reshen aduwa ya zama tsani. Wata sabara da ke kusa Baffa ya sa na sare ta, wai maɓoyar muzuru ce, tsuntsu ba ya sakin jiki ya sha sai yana hangen ko'ina.

Sauran aikin na kullum ne, ba wani abin labari. Ƙura in ta lulluɓe faifan sola sai injin ya yi sanyi, don haka kafin rana ta ɗaga nake goge su da tsumma, ba a zuba wa gilashi mai zafi ruwan sanyi. Duk Juma'a a zubar da ruwan kwamin a kankare gansakuka, in ba haka ba sauro ya samu gidan haihuwa. Da magariba kuma ba a zuwa wurin sai da tocila da takalmi, domin inda ɓera ya saba, kububuwa ma ta san hanya.

Kafin shamuwa ta iso a shekarar, na ƙirga zabin daji goma sha ɗaya a bakin kwamin, suna sha suna ɗaga kai. Na kira mai ɗakina a waya ina ba ta labari, ta ce to Malam, su zabin ne za su biya kuɗin makarantar yara? Ban da amsa, dariya na yi.

Bayan kwana biyar suka koma bakwai. Baffa ya zagaya da sassafe, ya dawo riƙe da wani zaren roba mai zarge, da gashin zabo manne a jiki. Ya ajiye a gabana, ya ce in biyo shi. A bayan kwamin akwai sawun da bai buƙaci ya fassara mini ba: silifas ne, na ƙafar hagu an ɗinke dugadugin da waya. Ni kuma na san mai takalmin, don a sahu ɗaya muke sallar Juma'a.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.