Saƙon godiya bayan gobarar dajin Teksas

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, kuɗin tallafin da gwamnatin Amurka ta ware wa makiyayan da gobara ta shafa ya shigo hannunmu, kuma mun gama tayar da shingen makiyayarmu. Shi ya sa na ga ya dace in fito fili in yi godiya, a madadina da iyalina.

Ga wanda bai ji ba, wutar dajin da ake kira Smokehouse Creek ta tashi ne ranar 26 ga Fabrairun 2024 a arewacin jihar Teksas. Iska mai ƙarfi ta kora ta cikin busasshiyar ciyawa har ta lashe sama da eka miliyan ɗaya, ba a taɓa ganin irinta a tarihin jihar ba. Yankinmu na Hemphill yana cikin inda ta fi yi wa ɓarna. Shanun da suka mutu nan take sun huta. Waɗanda suka fi tayar mana da hankali su ne masu sauran numfashi, kofato ya ƙone, hantsa ta soye, maraƙi na zagaya uwarsa babu abin tsotsa. Da hannunmu muka ƙarasa wasu, domin barin su a haka zalunci ne.

Godiyata ta farko ga uwargida take. Ita ke riƙe da littafin garke: lambar kunnen kowace saniya, ranar haihuwa, rasit ɗin allura da na saye. Diyyar dabbobi ta Ma'aikatar Noma, wadda ake kira LIP, ba a biyanta da fatar baki. Sai ka nuna adadin da kake da shi kafin bala'i, ka nuna shaidar waɗanda suka mutu, a cire mutuwar da aka saba gani kowace shekara, sannan a biya kashi 75 cikin 100 na darajarsu a kasuwa. Da wannan littafi muka shiga ofis, da shi muka fito da fara'a. Allah Ya yi miki albarka.

Likitan dabbobinmu ya bi mu gawa bayan gawa yana duba lamba, muna ɗaukar hoto, cikin toka da wari, bai ce ya gaji ba. Ma'aikatan ofishin FSA (sashen Ma'aikatar Noma mai kula da tallafin manoma) na yankinmu kuma sun zauna da mu kan fom layi bayan layi, su ne ma suka tunatar da mu shirin ECP, wanda ke ɗaukar har kashi 75 na kuɗin gyaran shinge. Wanda bai yi kiwo a nan ba, zai ga kamar shinge ƙaramin abu ne. A yankin nan ba a yawon kiwo, idan babu turaku da waya, to babu inda za ka saki dabba.

Kafin kuɗin gwamnati ya iso, jama'a ne suka riƙe mu. Manyan motoci sun yi ta shigowa garin Canadian, hedikwatar yankinmu na Hemphill, da lodin ingirici daga jihohi masu nisa, direbobi su sauke su juya, ko sunansu ba mu sani ba. Wani maƙwabci ya buɗe mana makiyayarsa kyauta har ciyawarmu ta sake tohowa.

Gaskiya tallafin bai mayar da garke yadda yake ba. Ana biyan kuɗin saniya, amma ba a biyan shekarun da aka ɗauka ana zaɓen iri, kuma karsanar da ka sayo yau sai ka jira ta kafin ka ga ɗanta. Duk da haka ya hana mu sayar da fili, kuma wannan ba kaɗan ba ne.

’Yan uwa da abokan arziki da suka yi ta kira suna jaje da addu'a, mun gode ƙwarai. Allah Ya saka wa kowa da alheri, Ya bar zumunci, Ya mayar wa duk wanda ya yi asara da mafi alheri. Amin.