Finafinan da suka faɗi a kasuwa su suka fi zama min a rai

Ni dai duk lokacin da na ci karo da irin jerin nan na finafinai ɗari da suka fi kowanne kyau a tarihi sai in ji raina bai kwanta ba. Ba wai finafinan da ke ciki ba su da kyau ba ne, a'a, yawancinsu sun ci sunansu, abin da ke damuna shi ne yadda jerin ke sa mutum ya zaci tun ranar da aka fara haska su duniya ta miƙe tana tafa musu, alhali da yawansu zagi suka sha, wasu ko kuɗin da aka kashe musu ba su mayar ba, wasu kuma saura ƙiris su ɓace gaba ɗaya.

Ku duba mujallar nan ta Ingila, Sight and Sound, wadda tun 1952 duk bayan shekara goma take tara ra'ayin masu sharhin fim. Citizen Kane na Orson Welles ya riƙe kambu tun 1962 har 2002, sai a 2012 Vertigo na Hitchcock ya ture shi, kuma shi Vertigo ɗin nan da ya fito a 1958 masu sharhi da yawa taɓe baki suka yi. A 2022 kuma sai ga Jeanne Dielman na Chantal Akerman a sama, fim na sama da awa uku da mace ke fere dankali tana wanke-wanke tana gyara gado. To ashe abin yana juyawa kenan. Shi Citizen Kane kam ina girmama shi, yaro ɗan shekara 25 ya yi wannan aiki ai dole a sara masa, amma gaskiya ban taɓa kwana da shi a raina ba, na kalla na yaba na wuce.

Wanda ya hana ni sakat shi ne The Night of the Hunter na 1955. Charles Laughton ne ya ba da umarni, babban jarumi ne ɗan Ingila da ya riga ya yi suna, wannan ne fim ɗinsa na farko a matsayin darakta kuma shi ne na ƙarshe, don da ya fito mutane ba su je ba, masu sharhi ba su gane inda ya dosa ba, bai ƙara komawa bayan kyamara ba har ya mutu a 1962. Labarin wani mugu ne da ke yawo da rigar wa'azi, Robert Mitchum ya fito a matsayinsa, ya rubuta so a yatsun hannu ɗaya ƙiyayya a ɗayan, ya auri wata da aka rataye mijinta don kawai ya gano inda mijin ya ɓoye dala dubu goma, kuma ba wanda ya san wurin sai yaranta biyu, kuɗin na cikin 'yar tsanar ƙaramar. Idan aka faɗa maka haka sai ka ce ai labarin da aka saba ne. Amma je ka ga yadda aka ɗauke shi. Akwai wajen da yaran suka gudu suka faɗa kwalekwale cikin dare, ruwa na tafiya da su a hankali, kyamara ta koma bakin gaɓa tana leƙensu ta bayan yanar gizo-gizo, ga kwaɗo a gaba ya cika ido, ga zomaye biyu sun lafe, yarinyar na rera waƙa da siririyar murya, kai ka ce tatsuniya ake maka, alhali ka san mutumin nan na tafe a bayansu kan doki bai gaji ba. Sai can kuma tsohuwar da ta tsince su, Lillian Gish wadda tun zamanin finafinai marasa magana take fim, ta zauna a baranda da bindiga a cinya, shi yana waje cikin duhu yana rera waƙar coci, ita ma sai ta ɗauka suna yi tare, baki ɗaya waƙa ɗaya amma kowa da abin da ke zuciyarsa. Wallahi duk lokacin da na zo wajen nan sai tsigar jikina ta tashi. A 2008 mujallar Faransa Cahiers du Cinéma ta sa shi na biyu a tarihin fim, mai shi kuwa ya fi shekara arba'in a ƙasa, kuma abin yana min ciwo sosai, don ina tunanin finafinai nawa mutumin nan zai yi da a ce an ɗan ƙarfafa masa gwiwa.

Kusan haka aka yi wa Guru Dutt a Indiya. Kaagaz Ke Phool ya fito 1959, shi ne fim ɗin Indiya na farko da aka ɗauka da faffaɗan hoton nan na CinemaScope, labarin wani darakta ne da duniya ke yi da shi sannan ta juya masa baya, shi Guru Dutt ɗin da kansa ya hau rol ɗin tare da Waheeda Rehman. Fim ya faɗi warwas, daga nan bai ƙara sa sunansa a matsayin darakta ba, a 1964 ya rasu yana da shekara 39. Mai ɗaukar hotonsa V. K. Murthy ya yi wani abu a ciki da har yau ake koyar da shi, wani haske guda ɗaya da ya keto daga rufin sutudiyo ya raba duhun gida biyu, shi yana gefe ita tana gefe, ba rawa ba rungume-rungume, muryar Geeta Dutt ce kawai ke tashi. Ni ban yarda fim ɗin ba shi da aibi ba fa, barkwancin da aka cusa a tsakiya yana sanyaya shi, akwai wuraren da ya ja da yawa, amma ƙarshensa da tsohon daraktan ya lallaɓo ya koma sutudiyon da babu kowa ya zauna kan kujerarsa, wannan ya biya duk wani jinkiri.

Sai kuma ɗaya kason, finafinan da jama'a suka guje su amma suka tara 'yan gani-kashe-ni daga baya. Misalin da na fi so shi ne ranar 25 ga Yuni 1982, rana ɗaya aka saki Blade Runner na Ridley Scott da The Thing na John Carpenter a Amurka, dukkansu biyun suka sha ƙasa don a lokacin hankalin kowa na kan fim ɗin E.T. na wani baƙon sama da ya yi abota da yaro, mutane na son baƙon sama mai kirki ne ba wanda ke shiga jikin kare ya tsage shi ba. Kaset ɗin bidiyo da talabijin ne suka raya su, masu so suka riƙa maimaitawa suna gardama a kai har ya kai ga an sake fitar da Blade Runner a 1992 da kuma 2007 ba tare da muryar mai ba da labarin nan da aka liƙa masa da farko ba. A cikin biyun ni The Thing na zaɓa, na san da yawa za su ce haba, amma shi Blade Runner kyan gari da ruwan sama ne suka fi labarin ƙarfi, shi kuwa wancan mutum goma sha biyu ne a cikin ƙanƙara kowa na zargin ɗan'uwansa, kuma wajen gwajin jinin nan da waya mai zafi har yanzu ban ga fim ɗin tsoro da ya kamo ƙafarsa ba.

Wani lokacin ma kuskure ne zalla ke ɗaukaka fim. Night of the Living Dead na George Romero, 1968, da masu rarraba shi suka canza masa suna sai suka manta ba su sa alamar haƙƙin mallaka a kan sabon kwafin ba, dokar Amurka ta wancan lokacin kuwa ba ta yafe irin wannan, sai fim ya zama na kowa da kowa, duk mai so ya buga ya haska. Romero ya yi asarar kuɗi mai yawa amma fim ɗin ya shiga ko'ina. Kuma ya cancanta, jarumin baƙar fata ne, Duane Jones, ya kwana yana fama da gawarwaki masu tafiya ya tsira, gari na wayewa sai masu rai suka hango shi ta taga suka harbe shi.

Abin da ba na so a harkar nan shi ne taruwa a yi wa fim dariyar ƙeta. The Room na Tommy Wiseau da ya fito 2003, har yau ana cika sinima da dare ana jifan allo da cokulan roba ana ihu, ana cewa wai muninsa ne daɗinsa. Fim ɗin ba shi da kyau kam, wannan ba gardama, amma mutum ne ya zuba dukiyarsa da zuciyarsa yana ganin labarin cin amana yake bayarwa, ni ba na iya zama in mai da shi abin wasa. Wanda ya koma kallon The Thing sau da yawa don ya gane waye ya kamu da wanda ya je ya yi wa Wiseau ihu, ban ga abin da ya haɗa su ba, duk da ana sa su a layi ɗaya.

Duk wannan ma maganar waɗanda suka tsira ake yi. Faifan da ake ɗaukar fim a kai kafin wajajen 1950 na sinadarin naitiret ne, yana kamawa da wuta da kansa in ya ji zafi, in bai ƙone ba ya ruɓe ya zama gari, kamfanoni kuma ba su ɗauki tsohon fim a bakin komai ba. Binciken da ɗakin karatu na majalisar Amurka ya fitar a 2013 ya nuna kashi 70 cikin ɗari na dogayen finafinan Amurka marasa magana sun ɓace kwata-kwata. Alam Ara na 1931, fim ɗin Indiya na farko mai magana, babu kwafinsa ko ɗaya. The Passion of Joan of Arc na Carl Dreyer, 1928, wanda kusan gaba ɗayansa fuskar mace ɗaya ce tana hawaye a gaban alƙalai, asalinsa gobara ta cinye, sai a 1981 aka tsinci cikakken kwafi a wani asibitin masu taɓin hankali kusa da Oslo. Metropolis ma, tsohon fim ɗin Jamus mara magana, sai 2008 aka gano wajen minti 25 da aka yanke masa, a wani gidan tarihi a Buenos Aires. Idan na tuna da wannan sai in ga ai ba mu san mafi kyawun fim a tarihi ba, mafi kyau cikin waɗanda wuta ta bari kawai muka sani.

Shi ya sa nake ganin ƙimar masu gyaran tsofaffin faifai ƙwarai. Ba don gidauniyar da daraktan Amurka Martin Scorsese ya kafa ta gyara Touki Bouki a 2008 ba da ƙila ban taɓa ganinsa da kyan hotonsa ba. Djibril Diop Mambéty ne ya yi shi a Senegal a 1973, saurayi Mory da budurwarsa Anta suna yawo a Dakar kan babur da aka ɗaura wa ƙahon bijimi a gaba, burinsu kawai su sami kuɗin jirgin ruwa zuwa Faransa. Fim ne mai taurin kai, yana tsallake lokaci yadda ya ga dama, ya yanko mahauta da jini ya jefa maka a tsakiyar soyayya, waƙar Josephine Baker ta kirarin Paris tana ta dawowa har ta fara ba ka haushi kuma inaga da gangan ne. Da suka isa bakin jirgi ita ta hau, shi ya kasa, ya juya da gudu ya koma neman baburinsa. Mambéty dogayen finafinai biyu kacal ya yi kafin rasuwarsa a 1998, na biyun sai 1992, dubi tazarar.

In mutum ya ce min bai saba da irin finafinan nan ba daga ina zai fara, ba na tura shi wajen manyan sunayen da za su tsorata shi. Where Is the Friend's House na Abbas Kiarostami nake cewa, fim ɗin Iran na 1987, bai kai awa ɗaya da rabi ba. Yaro Ahmad ya dawo daga makaranta ya tarar ya haɗo da littafin rubutun abokinsa, malam kuma ya riga ya ce in abokin ya ƙara yin aikin gida a wata takarda daban korarsa zai yi. Shi kenan labarin. Ya yi wa uwarsa bayani tana shanya ba ta ma saurare shi ba, ta ce ya je ya yi aikinsa, ya ƙara faɗa ta ƙara korarsa, sai ya saci jiki ya hau wata karkatacciyar hanya kan tudu daga ƙauyensu Koker zuwa Poshteh, yana bi gida-gida yana tambaya, manya kowa na harkar gabansa, har dare ya yi bai samu gidan ba. Ba zan faɗi yadda ya warware matsalar ba, amma ku lura da furen da tsohon kafintan nan ya ba shi a hanya. Kuma don Allah kar a kalle shi ana turawa gaba ko a nemi taƙaitawar minti goma a intanet, gudun da yaron ke yi yana dawowa shi ne fim ɗin. Girgizar ƙasa ta afka wa yankin a 1990, Kiarostami ya koma neman yaran da suka fito a ciki, daga wannan tafiyar ya yi wani fim ɗin a 1992, shi ma ku haɗa da shi in kun samu.