Mun yi arba'in lafiya: godiyata ga waɗanda suka tsaya mana

Assalamu alaikum warahmatullah.

Jiya Litinin maiɗakina ta yi arba'in. Ita da jaririya suna cikin ƙoshin lafiya, alhamdulillahi. Tun ranar suna nake son rubuta wannan saƙo, sai na ga gara in bari hankali ya kwanta tukuna, in zauna in tuna kowa ɗaya bayan ɗaya, kada gaggawa ta sa in tsallake wani. Yau muna shida ga azumi, bayan sahur barci ya ƙi zuwa, na ce to lokaci ya yi.

Ba zan kama suna ba. Wasu ban ma san sunayensu ba, waɗanda na sani kuwa na san halinsu, nauyi za su ji in na bayyana su. Amma duk wanda ya karanta zai gane kansa.

Ba sai na tuna wa kowa halin da aka shiga a watan Fabrairun 2023 ba. An sauya fasalin takardun naira 200, 500 da 1,000, aka ce tsofaffin za su daina aiki ranar 31 ga Janairu, daga baya aka ƙara wa'adin zuwa 10 ga Fabrairu. Muka kwashe na hannunmu muka kai banki, sababbin kuwa sai dai ka ji labarinsu. Ga layin man fetur a kai. Ni na yi tanadin haihuwar nan tun cikin yana wata huɗu, kowane albashi sai na ware wani abu. Kuɗin suna nan a asusu, ina ganinsu a waya, amma ba su iya saya mini ko ƙullin sukari a bakin titi.

Naƙuda ta tashi daren Talata 14 ga Fabrairu, sha biyu ta wuce. Abin da ke aljihuna naira 350 ne. Adaidaita sahu kuma a lokacin ba ya yawo a Kano bayan ƙarfe goman dare tun dokar da aka kafa a 2022. Na tsaya a ƙofar gida, layinmu shiru, mota ɗaya ce tal a kusa, ta maƙwabcina ta ɓangaren gabas. Mutumin nan mun taɓa samun saɓani da shi kan kwatar da ta ratsa tsakanin gidajenmu, har sai da mai unguwa ya shiga tsakani, kuma tun daga lokacin gaisuwarmu ba ta wuce ɗaga hannu. Na buga masa ƙofa ina jin kunya. Ya fito da singileti, bai bari na ƙarasa magana ba ya koma ya ɗauko makulli. Da ya tayar da motar sai ga allurar mai a kwance. Bai ce komai ba. Ya jawo janaretansa tsakar gida, ya zura tiyo a tankin, ya sa baki ya tsotsa har man ya shiga masa maƙogwaro. Yana tari yana tofarwa, ɗansa na haska masa da fitilar waya, har ya tara abin da bai kai rabin galan ba ya juye a motar. Kafin mu gama, uwargidansa ta fito da hijabi da zannuwa biyu a hannu, ta shiga baya ta rungume kan matata tana yi mata addu'a har muka isa. Alhaji, har yau in na ji warin fetur kai nake tunawa. Allah ya haskaka maka kabarinka kamar yadda ka haskaka mana wannan dare.

A asibiti aka duba aka ce jaririyar a gicciye take, sai an yi tiyata, kuma ba a son a kai safiya. Aka miƙo mini takardar kayan da zan sayo. Kemis ɗaya ne a buɗe a tsallaken titi, na wani ɗan ƙabilar Ibo mai furfura a gemu. Ya haɗa kaya, kuɗi ya kama naira 18,400. Na yi masa taransifa, aka cire a wajena, bai shiga wajensa ba. Muka tsaya muna kallon wayarsa, minti biyar, minti goma, alat bai zo ba. A kwanakin nan mutane da yawa sun yi asara ta wannan hanya, wasu ma da rasit na ƙarya aka cuce su, don haka da ya ce in jira, da ban ga laifinsa ba. Sai ya dubi takardar, ya dube ni, ya ɗaure bakin ledar ya turo mini. Da Hausarsa ta wanda ya daɗe a gari ya ce, “Malam, tafi. Matarka ta fi kuɗi. In ya shigo, ya shigo.” Ko lambata bai karɓa ba. Sai a rana ta uku kuɗin suka shiga. Da na koma in tabbatar, abin da ya fara tambayata shi ne, “Mace ko namiji?”

Sai maganar jini. Likita ya ce ba za a shiga da ita ba sai an tanadi leda ɗaya a ajiye. Aka gwada nawa, bai dace da nata ba. Na maƙwabcina ma haka. 'Yan'uwana suna nesa, ga dare, ga babu abin hawa. Ina ta kai da komowa a baranda ina kiran wayoyin da ba a ɗauka. A barandar nan masu jinya ne kwance a kan tabarmi, kowa ya ƙudundune saboda sanyin hunturu bai gama tafiya ba. Wani saurayi, ba zai wuce shekara ashirin da biyar ba, ya yaye bargonsa ya tashi zaune. Ya ce, “Yaya, wane irin jini ake nema?” Na faɗa masa. Ya ce, “Irin nawa ne. Mu je.” Mahaifinsa yake jinya a ɗakin maza, kwanansu tara a wurin. Na tsaya a kansa ana ɗiba, ina kallon ledar tana cika a hankali, shi kuwa yana tambayata ko haihuwar fari ce. Da aka gama na so in saya masa ko da Maltina da madara, kamar yadda aka saba yi wa wanda ya ba da jini. Na laluba aljihu, naira 350 ɗin nan ce dai. Mai shagon da ke buɗe ya ce ba ya karɓar taransifa. Yaron ya ga yadda fuskata ta canja, ya ce, “Haba Yaya, na sha ruwa, ya isa.” Ya koma tabarmarsa ya ja bargo.

An fito da jaririyar gab da kiran assalatu, ranar Laraba. Nas ɗin da ta kawo mini ita ta kwana a tsaye, idonta ya yi ja, amma ba ta miƙo ta ta juya ba. Ta jira na yi mata kiran salla a kunne, sannan ta sa hannu a aljihun rigarta ta ciro dabino guda ɗaya, ta ce, “Na san ba ka taho da shi ba.” Na tauna na shafa wa yarinyar a baki. Sister, ban san yadda aka yi kika san abin da ke raina ba. Na gode.

Da gari ya waye ana buƙatar ruwan zafi da shayi. A jakar matata muka tsinci tsohuwar ɗari biyar guda ɗaya da ta ɓuya a cikin katin awo. A ranar mutane da yawa sun daina karɓar tsofaffin kuɗi, domin ba wanda ya san matsayinsu. Na kai wa mai shayin bakin ƙofar asibiti ina ba shi haƙuri tun kafin ya gani. Ya karɓa ya jefa a gwangwaninsa, ya ce, “Kawo, in ta mutu ta mutu a hannuna.” Ya cika mini filas, ya haɗa shayi mai kauri, ya ƙara da rabin burodi. Kwana biyar da muka yi a wurin, kullum da asuba filas ɗinmu ne farkon wanda yake cikawa, kuma bai sake karɓar kuɗin ruwan zafi ba.

Surukata tana Haɗejiya, ta shirya tun da sassafe amma babu kuɗin mota a hannu. Wani direba a tasha ya karɓi wayarta muka yi magana, ya ce zai kawo ta, in ya iso a biya shi. Bai tsaya a tasha ba, har ƙofar asibiti ya sauke ta. Kafin ta iso kuwa, wata dattijuwa da ke jinyar 'yarta a gadon da ke kusa da namu ita ta zama uwa: ta wanke kayan jaririya, ta tallafi matata ta koya mata yadda za ta juya ba tare da ta fama ɗinkin ba, ta kore ni waje lokacin da ya kamata a kore ni.

Yanzu abokan aikina. Ni malamin lissafi ne, kuma 'yan aji shida suna shirin jarrabawar WAEC, lokacin da ba a so malami ya yi fashin ko darasi ɗaya. Saƙo guda na tura cewa muna asibiti. Ban roƙi kowa komai ba. Da na dawo bayan mako guda, na tarar malamai uku sun raba darussana a tsakaninsu, har sun duba littattafan aikin gida da na bari a kan tebur. Wata malama Kirista 'yar kudancin Kaduna ta kawo mana farfesun kaza a kula kwana uku a jere, a wannan wahalar ta abin hawa. Ranar farko, tun kafin in buɗe, ta ce, “Malam, ka ci da kwanciyar hankali, wurin mahauci Musulmi na kai aka yanka.” Abin da ya taɓa ni ba farfesun ba ne kawai, tunanin da ta yi ne tun kafin ta ɗora tukunya.

Amma wanda ya sa ni hawaye shi ne Baba maigadi. Shekara shida ina wuce dattijon nan safe da yamma, gaisuwata ba ta wuce “Baba, sannu da aiki” ina kan tafiya. Ban taɓa tsayawa na tambaye shi 'ya'yansa nawa ba. Ranar Alhamis da yamma sai ga shi a asibiti, a ƙafa ya zo. Ya ja ni gefe, ya cire hularsa, ya zaro wata 'yar leda da aka naɗe ta sau da yawa. 'Yan ɗari-ɗari ne da 'yan hamsin-hamsin, naira 1,200. Su ne takardun da canjin bai shafa ba, kuma a makon nan wanda yake da su ya fi mai miliyan a banki. Na ce, “Baba, kai fa?” Ya ce, “Ni tuwo nake ci a gida, kai kake da mai jego.” Da kuɗin nan muka sayi kunu da ƙosai har aka sallame mu. Annabi (SAW) ya ce kada mu raina komai na alheri, ko da haɗuwa da ɗan'uwa ne da sakin fuska. Na daɗe da haddace hadisin, amma a hannun Baba na ga fassararsa. Yanzu na san 'ya'yansa bakwai ne, kuma na san sunan autarsa.

A unguwa ma ba a bar mu ba. Yaron da ke POS a bakin layinmu, lokacin da ake cire naira 1,000 a kan kowace 5,000, shi ma kuma sayen kuɗin yake yi a gidajen mai, ya kira ni ya ba ni 5,000 a tsohon farashi. Ya ce tun da ya ga cikin Anti ya tsufa ya ware su ya ɓoye. Mai ruwanmu kuwa, duk da likita ya hana wanka da ruwa mai tsananin zafi saboda ɗinki, gidan jego ba ya rabuwa da wanki, kullum sai ya turo kura guda. Bai taɓa cewa a ba shi ba. Gawayi ya samu yana jan layi a bangon zaure, kowace kura layi ɗaya. Sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin kuɗi su ci gaba da aiki har 31 ga Disamba, aka fara ganinsu a hannu wajen tsakiyar wata, sannan na biya shi. Layi ashirin da shida muka ƙirga tare. Na hana a goge su.

An yi suna ranar Laraba 22 ga Fabrairu, saura kwana uku zaɓe. Ragon ma bashi ne, wan wani abokina da ke kiwo ya ba ni ya ce sai hali ya yi. Yarinya ta ci sunan mahaifiyata, muna kiranta Ummi. Ina godiya ga liman da jama'ar masallacinmu, da matan layi da suka haɗa itace da tukwane, da duk wanda ya zo, da wanda ya kira, da wanda ya yi niyya abin hawa ya hana shi. Allah ya saka wa kowa da mafificin alheri, ya sa a mizani, ya karɓi ibadunmu a wannan wata, ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Waɗanda suka rasa nasu a cikin wannan ƙunci, domin na san ba kowa ya samu irin mutanen da na samu ba, Allah ya jiƙansu ya ba iyalansu haƙuri.

Saura roƙo ɗaya. Ranar Juma'ar da ta biyo bayan haihuwar, da na samu kuɗi a hannu, na sayi Maltina da gwangwanin madara na nufi barandar nan. Tabarmar saurayin da ya ba da jinin ba ta nan. Aka ce an sallami mahaifinsa tun jiya da rana. Na tambayi masu jinyar da ke kusa, ba wanda ya karɓi lambarsa, abin da suka sani kawai daga wajen Bichi suka zo. An ƙara wa matata jinin nan a ɗakin tiyata, yana jikinta yanzu haka. Don Allah duk wanda ya san wani saurayi daga wannan yanki da ya yi jinyar mahaifinsa a Kano a tsakiyar Fabrairu, ya koma gida da auduga manne a hannu, ya nuna masa wannan rubutu. Ina so in san yadda jikin mahaifinsa yake, kuma ina so ya zo ya ga Ummi.